Rijiyoyin da Ba Su Daina Kira Ba

"Ba zan goge ta ba, ranka ya daɗe."

Injiniya Barira ta ɗora tafinta a kan kwamfutar cinyarta. Malam Haladu, shugaban Sashen Ruwa na Birnin Tudun Haske, ya cire tabarau ya dube ta.

"Ke 'yar nan, kwamfuta ɗaya, ƙwaƙwalwa biyu? Sabuwar tana kama sadarwar iska lafiya lau, tsohuwar kurma ce. Na ba ki zuwa la'asar."

Manhaja biyu ce a kwamfutar, mai kunnawa ke zaɓar wadda za ta tashi. Akwai ta birni, akwai tsohuwar da aka girka na'urorin rijiyoyin ƙauyuka da ita tun kafin a kewaye birnin da katangar gilashi. A taswirar hukuma ƙauyukan nan kufai ne, shi ya sa ake shirin kai bututu a zuƙo ruwan ƙasarsu. Barira ta ce sai ta ji daga bakin rijiyoyin. Wata uku tana fama, tsohuwar na cewa babu sadarwa. Ta sake girka katin kama sadarwar iska sau tara, ta buɗe bayan kwamfutar ta ɗaure wayar eriya. Shiru.

Bayan azahar ta taɓa wajen katin, ta ji ɗumi, alhali kwamfutar a kashe take. Ashe manhajar birni ba ta mutuwa. Likimo take yi don ta tashi da sauri, tana riƙe da katin kamar mai gadin da ya tafi gida da makulli. Barira ta zare batiri, ta danne maɓallin kunnawa ta ƙirga talatin, ta mayar, ta tada tsohuwar kai tsaye.

Suna ɗaya ya bayyana: Rijiyar Ɗan Marke. Sai na biyu. Sai suka yi ta zubowa, har ɗari huɗu da sha biyu, kowace tana faɗin zurfin ruwanta. Shekara arba'in suna kira da lantarkin hasken rana, ba mai amsawa. A ƙarƙashin sunan wata rijiya an rubuta: an ja ruwa minti shida da suka wuce.



Da Malam Haladu ya dawo, ya daɗe tsaye gaban allon.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe da mutane." Ya share fuska. "Barira, in majalisar birni ta ga wannan, bututu ya tsaya. Mutum miliyan tara ke jiran ruwan nan. Goge, ni ban gani ba."

"Ni na gani, ranka ya daɗe. Ilimin ruwa na karanta, ba rufa-rufa ba."

Ta tura wa majalisa sunayen gaba ɗaya. An dakatar da bututun, birni ya koma samun ruwa kwana uku a mako. Ita kuwa an kore ta daga aiki, an cire sunanta daga sadarwar birni. Jirgin ƙasa ya daina tsaya mata, ƙofar gidanta ta daina gane fuskarta, maƙwabta suka daina amsa sallamarta. Shekarunta ashirin da shida.