Tasar Inna

A Madarumfa akwai wata yarinya 'yar lakkol, wato 'yar makarantar boko. Babanta, Malam Lawali, gyaran rediyo yake yi. In allon cikin rediyo ya ƙone, shi ke haɗa sabo da hannunsa. Yakan zana hanyoyin wuta a kan allon tagulla, ya tsoma shi cikin wani ruwa ja. Ruwan ya cinye tagullar, ya bar zanen.

To, ruwan nan wuyar samu gare shi. Babu shi ko a Maraɗi. Wata biyu Baba na jira kafin direba Ɗan Azumi ya kawo shi daga Katsina.

Ran nan Baba zai je jana'iza garin Safo, ya ce, "Ɗiyata, karɓo mini kwalbar ruwan nan wajen Ɗan Azumi, ki ajiye. Kada ki buɗe."

Ta karɓo, sai ta ga kwalbar ta tsage tana ɗiga. Hankalinta ya tashi. Kawunta Gambo maƙeri yana zaure, amma ita gwanar sani, ba ta tambaye shi ba. Ta ɗauko tasar tagulla da marigayiya Innarta ta bar mata. Abin Inna ke nan kaɗai da ya rage a gidan. Ta juye ruwan a ciki, ta ɓoye bayan rumbu.

Kwana biyu Baba ya yi. Da ya dawo, ta ruga ɗauko tasar da murna. Ashe gindinta ya huje, ruwan ya tsiyaye cikin ƙasa.

Ta durƙushe tana kuka. "Baba, na ɓata tasar Inna."

Baba ya daɗe yana kallon tasar. Shi ma idonsa ya kawo ruwa.

"Ruwan nan tagulla yake ci, ɗiyata. Sai roba ko kwalba. Me ya hana ki tambayi kawunki?"

"Na ɗauka na sani."

"Ruwa, Ɗan Azumi zai ƙaro. Tasar ce babu wata."

Kwana uku ba ta iya cin abincin kirki ba. Ran Juma'a Kawu Gambo ya kira ta. Ya yanke bakin tasar da bai lalace ba, ya ƙera mata munduwa. Ya sa mata a hannu.

Ta yi murmushi, hawaye na zuba. "Kawu, daga yau abin da ban sani ba, sai na tambaya kafin in taɓa."