Kan Sarki a Ƙirjin Siriri

"Kwanta! Na ce kwanta, tsoho!"

Tsakar rana ce, zafi kamar ya tsaga kai. Gatari ya dafa bakin bindiga a ƙeyar tsohon, Mai-Kunne na juye kwabbai cikin buhu — ƙacau! ƙacau! Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya ƙare rayuwarsa wajen tara kan sarki da kwabban da ake bugawa don tunawa da bukukuwa.

Na ukunsu, Siriri, ya rufe fuska ruf, ko tari bai yi ba. Ina zai yi? Tsohon nan kawunsa ne, a ɗakin nan ya girma. Shi ya kawo aikin, ya ce wa Gatari kwabban zinare ne. Ƙarya! Dukiyar na cikin aljihun tebur: falle guda na kan sarki, sabo fil, ba a taɓa liƙa shi ba, gam ɗinsa na nan. Masu tarawa hauka suke a kansa.

Matar Siriri na tasha da tsohon ciki, tana jiransa su gudu. Ba a barin ƙungiyar Gatari a zauna lafiya sai an yi nisa, nisa kuwa sai da guzuri.

Siriri ya faki ido ya cusa fallen cikin riga, a kan fata.

Kawu ya gani. Ya kuma gane hannun.

"Ba a sa shi a jiki, ɗan nan," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Me ka ce?" in ji Gatari.

"Addu'a nake."

Sai jiniya!

"Kwalawa! 'Yan sanda ne! Ku ware!"

Suka faɗa mota. Lungu, kwana, wani lungun — tau! Taya ta fashe. Suka dira da gudu, buhu na dukan bayan Mai-Kunne. A baya Sufeto na ihu: "Ku tare bakin titi! Kada wanda ya fita!"

Suka haura katanga, suka faɗa wani kango. Siriri ya jiƙe sharkaf da gumi.

Gatari ya zaro kwabo ɗaya ya kankare da wuƙa. Ya sake wani.

"Tagulla. Kai, ni za ka yi wa wayo?"

"Oga, wallahi ban san—"

"Me tsohon ya ce ba a sawa a jiki? Cire rigarka."

"Oga, matata na—"

"Cire!"

Ya cire. Wayyo! Gumi ya narka gam, fallen ya liƙe masa a ƙirji ɗam. Ya kai farce zai ɓamɓaro, ya yage. Ya sake, ya ƙara yagewa. Sai ya fashe da kuka, ba don bindigar ba.

Mai-Kunne ya tuntsure da dariya. "Oga, gayen nan fa ya zama wasiƙa! Ina za a aika shi?"

"Na san adireshin," in ji Gatari, ya saita wa Siriri bindiga.

Tau!

Ƙarar nan ce ta nuna wa Sufeto kangon. Mai-Kunne ya ɗaga hannu tun kafin a ce ya ɗaga. Gatari ya yi ta maza, aka kwantar da shi a gindin katanga, kwabbai warwatse kewaye da shi.

Aka kawo Kawu ya duba kayansa. Ko kallon buhun bai yi ba. Ya durƙusa gaban gawar Siriri.

"Baba, wannan kan sarkin naka ne?" in ji Sufeto.

Kawu ya ja rigar ya rufe ƙirjin.

"Ɗan ƙanwata ne," ya ce. "Da ya tambaya, da na ba shi."

A tasha, motar ƙarshe ta cika. Matar Siriri ta roƙi direba ya ƙara mata minti biyar.