Faɗin Yatsa Ya Hana Guntu Kaki

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya baƙunci lahira!"

Rana tsaka, shagon gwal cike da mata. Oga, shugaban 'yan fashin, ya harba harsashi ɗaya sama. Maigadi, dattijo mai taurin kai, ya tare ƙofa. Oga ya sake harbi, wannan karon ba sama ba.

Guntu bai waiwaya ba. Aikinsa ɗaya ne a ƙungiyar, gudu. Oga ya cilla masa jaka mai nauyi.

"Ratsa kasuwa, 'yan sanda su bi ka. Mota na jiranka a ƙarƙashin gada. Nuna musu, ɗan sandan da bai samu kaki ba."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Bara ya nemi aikin ɗan sanda. A tseren gwaji shi ya zo na ɗaya, har ya zauna yana jiran sauran. Da aka jingina shi da sandar awo, wani Sajan mai tumbi ya ce tsayinsa bai kai ba, saura faɗin yatsa. Tun ranar baƙin cikin ke cin sa.

Jiniya! 'Yan sanda suka diro.

"Ga shi can da jaka! Ku tare shi!"

Guntu ya cika wandonsa da iska. Ya tsallake teburin mai takalma — ya kutsa lungun maƙera — ya haye katanga! A bayansa dogaye ne zaɓaɓɓu, duk sun cika awo, sai haki suke kamar tsofaffin injina. Ɗaya ya dafe kwiɓi. Wani ya faɗa kwata. Guntu ya ji daɗi har cikin ransa.

Ya iso gada. Babu mota, babu alamarta.

Ya zuge jakar. Gutsattsarin bulo ne, an naɗe da tsumma. Ashe yayin da duk 'yan sandan ke bin sa, Oga da direba sun sulale da gwal ta ƙofar baya. Gudunsa kawai suka saya, kuma a banza.

Hanya na buɗe a gabansa, ƙafarsa ba ta gaji ba. Amma ina za shi, ba rufe fuska ya yi ba, kasuwa kaf ta gan shi? Ya zauna a kan jakar, ya miƙe ƙafa.

Sun jima kafin su iso. Na ƙarshe a bayan babur aka kawo shi, Sajan mai tumbi.

"Kai ne?"

"Ni ne, yallaɓai. Ka zo da sandar awon?"

"Maigadin ya cika," in ji Sajan. "Ya bar mata da 'ya'ya. Kai kaɗai muka kama, jininsa a wuyanka."

Guntu ya miƙe daga kan jakar. Bai sunkuyar da kai ba.

"Na ji, zan ɗauka. Amma kar ka ce kun kama ni. Jiran ku na yi, kamar bara."

Babu wanda ya musa. Suka sa masa ankwa a hannu, Sajan ya dube shi, ya ce a kawo ta ƙafa ma.