Burodi da Man Gashi

Ciki da falo ne kawai, a hawa na biyu, saman wani kantin magani. Famfon kicin yana ɗiga, tagar falo ba ta rufuwa sai an cusa mata takarda, amma har yau idan aka tambayi Auta gidan da ta fi jin daɗinsa a duniya, wannan ɗin take ambata. Nan aka kai ta tana amarya, nan ta haifi 'yarta ta fari, nan kuma aurenta ya kusa mutuwa a kan kwanon kaza.

Da safiyar ranar mahaifiyarta, Umma, ce ta fara shiga kicin. Ta zo ne ta taya ta renon jaririya. Jim kaɗan sai ga muryarta ta cika gidan.

"Auta! Zo ki gani da idonki!"

Auta ta fito da jaririya a kafaɗa. Firij a buɗe, kazar da aka ajiye wa baƙi ta koma ƙasusuwa, ledar burodi a yashe a ƙasa.

"Ko ɓera ne, Umma?" ta ce a sanyaye.

"Ɓera mai buɗe firij? Har ya mayar da murfin kwano? Ɓeran naki yana can kan gado yana minshari!"

Mijin Auta mai gyaran firij ne, duk layin Injiniya suke ce masa. Mutum ne mai fara'a, ga jiki masha Allah. Tun yana zuwa zance yake da ƙibarsa, ita kuwa ba ta taɓa damunta ba. Takan ce ta samu miji da filo a haɗe. Sai da ya yanke jiki ya faɗi a shago, likita ya gaya masa jininsa ya hau, suga ma yana bakin ƙofa, ko ya rage nauyi ko ya bar 'yarsa marainiya. Ranar ya ɗora hannu a kan jaririyar ya yi wa Auta alkawari. Ya kuwa riƙe shi da ƙarfin tsiya: shayi ba suga da safe, ganye da rana, da dare ya sha ruwa ya kwanta cikinsa na ƙugi. Abokan sana'arsa har sun fara kiransa zomo. Amma sikeli ya ƙi sauka, sai ma hawa yake yi.

Ya fito yana murza ido, ya durƙusa ya gaishe da surukarsa. Ba ta amsa ba, kwanon ta nuna masa.

"Wallahi Umma ba ni ba ne. Tun da na kwanta ban motsa ba."

"Kalli gaban rigarka."

Ya duba. Maiƙo ne shaɓe-shaɓe tun daga wuya har ciki. Ya daɗe yana kallon rigar kamar ta wani ce aka sa masa.

Ya juya ga Auta: "Madam, ki yarda da ni. Dayet ɗina nake yi tsakani da Allah. Ban san yadda aka yi—"

Auta ta juya ta shige ɗaki. Ba wannan ne karo na farko ba. Ta sha tarar da gwangwanin madara a buɗe, ko ɓurɓushin biskit a kan zanin gado, sai ta share ta yi shiru don ta rufa masa asiri. Yau kam asirin ya tonu a gaban wadda ba ta da haƙurin irin wannan.

Umma tana da dalilinta. Ciwon suga ne ya kashe mahaifin Auta tun tana firamare. Shi ma an hana shi yawan ci, shi ma da safe a tarar da tukunya wayam, shi ma ya yi ta rantsuwa. Don haka ta bi 'yarta ɗaki ta turo ƙofa.

"Na binne miji saboda kwaɗayi da rantsuwar ƙarya. Ba zan zuba ido ki yi takaba da jaririya a hannu ba! Na kira Yayanku, zai zo da mota ƙarshen mako. Ki haɗa kayanki. In yaron nan ya ga gida ba kowa, wataƙila ya shiga hankalinsa."

"Umma, mijina ne fa..."

"Nawa ma mijina ne. Ina yake yanzu?"

Auta ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka. Da yamma da Injiniya ya dawo daga shago ya tarar da akwati a buɗe kan gado, sai ya zauna a ƙasa.

"Da ka ce min yunwa ce ta fi ƙarfinka, da ni da kaina zan tashi in dafa maka," ta ce, hawaye na zuba. "Ƙaryar ce ba zan iya ba. Ka kalli idona ka rantse, alhali ga maiƙo a rigarka!"

"To in ce na ci, bayan ban san na ci ba? Wannan ce ƙaryar ai." Ya rushe da kuka. "Ni ma tsoron kaina nake ji, Madam. Ina kwanciya da yunwa, in tashi cikina a cike."

Ba ta taɓa ganin ƙaton mutum kamarsa yana kuka da shassheƙa ba. Zuciyarta ta ce ta yarda, idonta ya ce a'a. Ta ci gaba da ninke kayan.

Jajiberin tafiyar, Umma ta kwashe duk abin da ke firij ta rabar wa maƙwabta, wai ta ga abin da ɓeran zai ci. Ba a bar komai ba sai guntun burodi da ya fara bushewa. Auta kuwa ta gyara gashinta a falo, ta manta kwalbar man gashin a kan teburin cin abinci.

Gari na wayewa wani ƙamshi ya tashe ta. Ta sunsuna, ta sake sunsunawa. Daga bakin mijinta yake fitowa. Ta diro daga gado ta nufi falo, ta tarar da Umma a tsaye ƙiƙam gaban tebur. Kwalbar a buɗe, an kwashe rabinta, ga wuƙa a ciki. A gefe ga burodin, an shafe shi da man gashi caɓa-caɓa, an gatsa shi har wuri uku.

Injiniya ya biyo ta. Yana ganin teburin ya lashi leɓensa, fuskarsa ta sauya, ya ruga banɗaki yana kakarin amai.

"Umma," in ji Auta, "mai kwaɗayi zai ci wannan?"

Umma ta ɗauki burodin ta juya shi, ta ajiye.

"Ko mahaukaci sai ya yi tunani," ta ce a hankali.

Dariya ta ƙwace wa Auta, kuka ya biyo bayanta, ta rasa wanne za ta tsayar. Ta je ƙofar banɗakin tana bugawa: "Sori, Injiniya! Don Allah ka yafe min!" Da Yaya ya iso ya yi hon a ƙasa, ba akwati aka saka a motar ba, mara lafiya aka saka, aka wuce asibiti.

Likitar da suka gani ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce lalura ce sananniya: mutum ya tashi cikin barci, ido a buɗe, ya ci duk abin da hannunsa ya kai, da safe bai tuna komai. Horon yunwar da yake yi wa kansa da rana, da barcin da kukan jaririya ke yankewa, su suke ƙara rura ta. Ta ce ya ci sau uku daidai misali, kada ya sake kwanciya ciki wayam, a kulle kicin, a ɓoye wuƙa da ashana, ya kuma riƙa tattaki.

A hanyar dawowa Umma taga kawai take kallo. Sai da suka kusa gida ta share ido da gefen mayafi.

"Haka mahaifin Auta ma yake rantsuwa," ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba. "Ni kuwa ban taɓa kai shi ko'ina ba. Allah Ya jiƙansa." Sannan ta ɗan juyo: "Yaron nan, ka yi haƙuri da ni. Tsoro ne."

"Haba Umma, ai uwa ce ke," ya ce, ya sunkuyar da kai.

Abin bai warke a rana ɗaya ba. Akwai lokutan da Auta za ta farka ta same shi yana jan kwaɗon kicin, sai ta kama hannunsa ta mayar da shi gado kamar yaro, ba faɗa, ba gori. Makullin kuwa Umma ce ta karɓe shi, ta ɗaure a bakin zaninta. Ita ce kuma ta zama abokiyar tattakinsa. Kullum da sassafe a gan su a layi, ƙato a gaba yana haki, 'yar tsohuwa a baya tana faɗin, "Ɗaga ƙafa, Injiniya! Ni da na haifi shida ban gaji ba!" Masu shaguna har fitowa suke su yi kallo. Kafin 'yar ta fara tafiya, sai da aka ƙara wa bel ɗinsa huda, aka sake ƙarawa, likita ta rage masa maganin hawan jini.

Shekaru sun tafi. Sun tashi zuwa gida mai faɗi, yara sun ƙaru. Da tsufa ya kwantar da Umma, ta ƙi zama gidan kowa cikin 'ya'yanta sai na Auta. Injiniya ne yake ɗaukar ta cak ya sa a mota ranar asibiti, shi yake lallashinta ta sha magani. Ranar da ta cika, hannunsa ne a cikin nata, har masu zuwa gaisuwa suka riƙa ɗauka shi ne ɗan, Auta ce surukar.

Yanzu idan 'yan matanta suka kawo mata ƙarar wani da zafi, takan zaunar da su ta ce: "Kada ku yi saurin kiran mutum maƙaryaci. Wani abin da ya yi kama da laifi ciwo ne, mai shi ma neman taimako yake. Ku bincika, ku yi haƙuri. Saura ƙiris in bar mutumin da ya fi kowa gaskiya a rayuwata, ga shi kuwa yau shi ne ubanku."