Saƙon Da Na Karanta A Baibai

"Ke wace irin yarinya ce da ba ki gajiya da kiran ɗan mutane?"

Wayar ta kusa suɓuce mini. Ba saurayina Abdulrazak ba ne, mahaifiyarsa ce, Hajiya Tsahara, wadda tun farko ta ƙi maganar aurenmu, wai na cika rawar kai.

Na kashe wayar.

Da safiyar ranar ya turo mini saƙo da Ingilishin da ya koyo a Gana, don kada ƙannensa su gane: Please refrain from calling me till Friday. Ni kuwa Faransanci na yi a lakwal, makarantar bokonmu, inda refrain ke nufin amshin waƙa, abin da ake ta maimaitawa. Na nuna wa ƙawata Nafisa mai karatun Ingilishi a jami'a. Ta yi murmushi, ta ce ai haka ne, so yake in yi ta kiransa har Juma'a.

Sau goma sha tara na kira.

Da la'asar sai ga Abdulrazak a ƙofar gidanmu a unguwar Zariya, taɓon gonakin Jiratawa a takalminsa, idanunsa jawur.

"Zuliha, masoyiyata, me na yi miki?"

Ya ce a Ingilishi kalmar na nufin ka kame kanka, ka hana zuciyarka abin da take so. Hajiya ce ta karɓe wayarsa na kwana uku, ta ce in na iya haƙuri ban kira ba za ta amince, shi ne ya gargaɗe ni a ɓoye kafin ya miƙa mata. Da na ambaci Nafisa sai ya faɗa mini gaskiya. Ashe sau biyu tana aika masa cewa tana sonsa.



Washegari gwaggona ta raka ni Tibiri, garinsu Abdulrazak. Na durƙusa gaban Hajiya ina hawaye, na faɗi komai, har saƙon, duk da na san asirin ɗanta nake tonawa.

Ta dube ni, baki buɗe.

"Wato shi ya ha'ince ni, ke kuma kika zo da ƙafarki kika faɗa mini gaskiya?"

Na sunkuyar da kai.

Ta juya wajen gwaggo, muryarta ta sauko.

"Ku shirya, magabatansa na nan tafe ranar Juma'a. Shi kuwa ku bar ni da shi."