Ango Horiuchi

A bakin titin Takeshita Shunpei yake tsayuwa kullum, yana miƙa wa masu wucewa ƙunshin tishu mai ɗauke da talla. 'Yan mata masu shuɗin gashi suna bangaje shi ba ko kallo. Wata yarinya ce kaɗai ta tsaya, hancinta ja wur da mura. Ta karɓi ɗaya, ta sake miƙo hannu.

"Ɗaya ake ba kowa," ya ce.

"To ka ɗauka ni mutum uku ce."

Sunanta Chinatsu. Kafin sanyi ya shigo, wayarsa ta cika da saƙonninta.

"Shun ɗina, yau hancina lafiya lau, amma zan zo karɓar tishu. Saura ka ba wata yarinya guda uku."

Mahaifinta, tsoho Horiuchi, takalman katako yake sayarwa a wani lungu da shagunan kayan yayi suka matse ta ko'ina. Ranar da Shunpei ya je gaishe shi, ko kai bai ɗago ba.

"Kakana ya buɗe wurin nan, yaro. Ba ni da ɗa namiji. Mai son 'yata zai ajiye sunan gidansu ya ɗauki nawa. Akwai ɗan abokina da ya amince tun bara."

Wancan yana da 'yan'uwa maza da yawa a gidansu, babu abin da zai rasa. Shunpei kuwa shi kaɗai ya rage namiji a gidansu na Kumagai tun da teku ta ci mahaifinsa can arewa. Doka kuma suna ɗaya ta yarda wa miji da mata.

Ya daina ɗaga wayar Chinatsu. Sai ta turo masa saƙo.

"Idan ka gaji da ni ka faɗa. Shirun nan ya fi zagi ciwo."

"Ina son ki, Chi. Sunan babana ne ba ni da wanda zan bar wa."

"Idan na ɗauki naka, Baba zai rufe shago ya zauna jiran mutuwa. Ka ga laifina?"

Bai ga laifinta ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Ya kira mahaifiyarsa ya faɗa mata komai.

"Yarinyar tana sa ka dariya?"

"Tana sa ni, Mama."

"To je ka. Kabarin babanka ni zan riƙa sharewa har inda ƙarfina ya kai."

"Bayan nan fa?"

"Bayan nan ciyawa."

Aka ɗaura auren a wani ƙaramin wurin bauta bayan shagon. Mahaifiyarsa ta zo a jirgin ƙasa, ta ratso cunkoson unguwar Harajuku rungume da jakarta, tana ba yara haƙuri duk da su ke taka ta.

Mai hoto ya ɗaga murya. "Ango Horiuchi, ɗan juyo nan."

Shunpei bai motsa ba. Sai da mahaifiyarsa ta taɓa masa gwiwar hannu.

"Kai ake kira, ɗana."

Ta kamo hannun amarya ta ɗora a kan nasa. "Ku zauna lafiya. Ku tsufa tare, ku ga jikoki."

Chinatsu ta matse yatsunsa, idonta ya ciko. Ya matse nata.

"Iyalan Horiuchi kawai a wannan," in ji mai hoto.

Tsohuwar ta gyara masa wuyan riga, ta ja da baya.