Hancin Baba

"Kullum sai ki ce bayan kakar inabi, Maëlle... Wace kakar?"

Aurélien ne, saurayinta, tsaye a bakin gona da makullin mota a hannu. Ya samu aikin jinya a birnin Lille, har gida ya kama musu, yana jira ta bi shi.

"Ka ƙara haƙuri, rabin raina."

"Na gaji. Yayanki fa? Shi ba ɗan gidan ba ne?"

"Thibault? Wanda bai san bambancin giya da ruwan tsami ba?"

"To ki auri gangunan giyar mana."

Ta cije leɓe. Kakan kakanta ne ya dasa inabin nan, ƙwari suka cinye, ɗansa ya sake dasawa. Yaƙi ya zo ya wuce, sunan gidansu bai taɓa barin jikin kwalba ba. Da hancin mai gida ake haɗa giyar, shi kuwa Baba tun ciwon da ya yi hancinsa ya mutu. Ita ke shinshina kowace ganga ta raɗa masa, shi ya fita gaban masu saye yana gyaɗa kai. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba.

Ta sauka ɗakin ganguna da gudu, inda Baba yake.

"Baba, ka sake ni daga rantsuwar nan. Zai tafi."

"In zance ya fita, mun tozarta."

"Ni fa, Baba? Ni ba taka ba ce? Ko hancina kawai ka haifa?"

Tsohon ya kalli kofin da ke hannunsa. Ya ajiye shi, ya hau matakala a hankali tana biye da shi, ya faɗa wa Aurélien komai da bakinsa.

Aurélien ya juyo gare ta, idonsa jawur.

"Ni ina can ina zaton kin daina sona... ashe kunyar tsoho kike gadi?"

"Ka yafe mini."

"Ban yafe ba tukuna," in ji shi, amma ya riƙo hannunta gam.

Hancin Baba bai dawo ba. Aurélien ya haƙura da Lille, ya kama aiki a ƙaramin asibitin garin, yana mita har ranar aurensu. A wurin bikin Baba ya miƙe gaban maƙwabta.

"Giyar da kuke yabawa ɗin nan, ba ni na haɗa ba. Ku tafa wa 'yata."